Yadda Ake Duba Ingancin Asibitin Mazaɓa a Jihar Kaduna

Duk wanda aka saka a kwamitin raya mazaɓa, ko ƙungiyar unguwa ta tura shi ya dubo halin da asibitinsu yake ciki, tambayarsa ta farko ɗaya ce: ni da ba likita ba, in na je me zan duba? Gaskiyar magana, yawancin abubuwan da ke janyo asarar rai a ƙaramin asibiti ba sai likita ne zai gane su ba. Firjin rigakafi ya mutu, allurar tsayar da jini ta ƙare, mai naƙuda ta zo da tsakar dare ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Duk mai ido da haƙuri zai iya gano waɗannan. Na daɗe ina wannan zagaye, cikin gari da karkara, kuma tsarin da nake bi ne zan shimfiɗa a nan.

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya mai aiki sosai. An gyara gine-gine da yawa, an yi fenti, an kafa sola. Hakan alheri ne, amma ginin kaɗai ba ya nuna ko ana samun kulawa a cikinsa. Don haka ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga farko: kowane abu ka nemi shaidarsa ta hanya uku, wato abin da idonka ya gani, abin da aka rubuta a rajista, da abin da masu zuwa asibitin suka faɗa. In biyu ba su dace da juna ba, kada ka yanke hukunci, ka ƙara bincike.

Abubuwan da za ka tanada

- Takardar gabatarwa daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko daga shugaban kwamitin raya mazaɓa.
- Littafi mai bango mai kauri da biro biyu. Takardu warwatse ɓacewa suke yi.
- Waya mai cikakken caji, don agogo, tocila da ɗaukar hoton kaya.
- Jerin abubuwan dubawa da ka rubuta tun daga gida, da fili a gefe don saka amsa.
- Takunkumin fuska da ɗan sabulu.
- Abokan tafiya biyu. Dole ɗaya ta zama mace, domin ɗakin haihuwa da hira da masu jego ba aikin namiji ba ne. Ɗayan kuma ya zama mai karanta Turanci da kyau, saboda rajistocin duk da Turanci suke. In akwai nas ko unguwarzoma da ta yi ritaya a unguwarku, ku roƙe ta ta raka ku. Abin da za ta gano cikin minti goma sai ku yini ba ku lura da shi ba.

In takardar ƙaramar hukuma ta ƙi samuwa a kan lokaci, kada ka fasa. Nemi mai unguwa ko dagaci ya haɗa ka da wakilinsa. Da wannan za ka iya duba komai, sai dai rajistoci da lissafin kuɗi ka bar su sai takarda ta fito.

1. Ka fara da gaisuwa

Ka sanar da mai unguwa da kansila cewa za ku je. Da isarka asibitin, nemi incaj, wato shugaban ma'aikatan wurin, ka gaishe shi yadda ya kamata: “Malam, barka da aiki, daga kwamitin mazaɓa muke, mun zo mu ga abin da kuke da shi da abin da kuka rasa.” Wannan jimla tana da muhimmanci. In ma'aikata suka ɗauke ka ɗan leƙen asiri, za su rufe baki, kuma su ne suka fi kowa sanin inda matsalar take. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne shiga da waya a sama ana ɗaukar bidiyo. Kada ka ɗauki hoton majinyaci ko kaɗan, kuma kada sunan majinyaci ya shiga littafinka.

2. Zaɓen rana

Zuwa ɗaya ba ya isa. Ka je ranar awon ciki ko ranar rigakafi da sassafe, lokacin da asibitin ya cika. Ka sake zuwa wata ranar da ba ta komai ba, bayan azahar, ba tare da ka faɗi ranar ba. In asibitin ya ce yana aiki dare da rana, sai an leƙa shi bayan isha ko ranar Lahadi. Ka gaya wa incaj tun farko cewa za ku riƙa leƙowa ba sanarwa, don kada ya ji an yi masa kwanton ɓauna. A wuraren da tsaro ya yi ƙaranci kada ka yi tafiyar dare. Mutanen da ke maƙwabtaka da asibitin za su gaya maka ko ana kwana a ciki.

Ka kuma tuna da damina. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yake cika asibiti da yara, a lokacin ne ake gane asibitin da ya shirya.

3. Zauna a benci tukuna

Kafin ka buɗe kowace ƙofa, zauna inda marasa lafiya ke jira na tsawon awa guda. Rubuta lokacin da aka buɗe, da lokacin da aka fara ganin mutum na farko. Zaɓi mutum biyar da ido, ka rubuta lokacin shigowar kowanne da lokacin fitarsa. Ka saurari yadda ake kiran mutane, da yadda ake amsa wa tsohuwar da ba ta gane abin da aka ce mata ba. Ka lura ko akwai wanda ke zagaya layi yana duba yaron da ya galabaita don a shigar da shi gaba. Yaro mai suma ko numfashi sama-sama bai kamata ya jira layi ba, kuma asibitin da ya san wannan ya riga ya nuna maka rabin halinsa.

4. Ruwa, wuta, bandaki, shara

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Murɗa famfo da hannunka. Kunna ƙwan ɗakin haihuwa. In sola ce, tambayi ƙarfe nawa batirin yake mutuwa da dare. Shiga bandaki, ka ga ko a buɗe yake ga majinyata ko an kulle don ma'aikata kaɗai. Sannan ka zagaya bayan ginin. Allurar da aka yi amfani da ita wurinta kwalin da aka tanada don ita, wanda ake rufewa in ya kai kashi uku cikin huɗu, a ƙone. In ka ga sirinji a juji inda yara ke wasa, wannan ba ya jiran rahoto, a ranar za a yi maganarsa.

5. Ɗakin haihuwa

A nan za ku fi daɗewa, kuma macen da ke cikinku ce za ta jagoranta. Idan akwai mai naƙuda a ciki, ku jira ko ku dawo. Kada ku tambaya “kuna da kaza?” domin amsar kullum “akwai” ce. Ku ce “don Allah a nuna mana.” Gani ya kori ji.

Zubar jini bayan haihuwa da jijjiga suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma magungunansu ba masu tsada ba ne. Ku nemi allurar oxytocin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke. Ku duba inda aka ajiye ta, domin sanyi take so; in tana cikin durowa a zafin watan Afrilu, ƙarfinta raguwa yake, a yi wa mace ita jinin ya ƙi tsayawa. Ku nemi ƙwayar misoprostol, wadda ke maye gurbinta inda babu firji. Ku nemi magnesium sulphate na jijjiga, ku kuma tambayi wadda ke bakin aiki ko an koya mata yadda ake bayar da shi. Akwai inda maganin yake nan a ajiye har ya lalace saboda ba wanda ya iya amfani da shi, ko ana tsoronsa.

Sai abin awon hawan jini. Kada ku tsaya ga ganinsa, ɗaya daga cikinku ya miƙa hannu a gwada shi. Awon ciki ba tare da gwajin hawan jini ba, kusan zuwa ne kawai. Ku duba jakar da ake busa wa jaririn da bai yi kuka ba iska, da abin zuƙe majina, da sikelin jarirai, da man chlorhexidine na cibiya, da safar hannu, da yadda ake dafa almakashi da sauran ƙarafa tsakanin haihuwa da haihuwa. Ku taɓa katifar gadon haihuwa: in robarta ta yage, jini yana shiga soso, ba ta wankuwa. Akwai labule? Mata da yawa sun gaya mini rashin sutura kaɗai ya sa suka gwammace haihuwa a gida.

Tambaya ta ƙarshe a ɗakin nan ita ce mafi nauyi: in haihuwa ta gagara da ƙarfe biyun dare, me ake yi? Wane asibiti ake turawa, da wace mota, wa ke biyan mai? A cikin garin Kaduna akan tura asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko babban asibitin Kawo, in abin ya yi tsanani Barau Dikko. A Zariya akwai Gambo Sawaba da asibitin koyarwa na Shika. A karkara kuwa tazarar ita ce matsalar. Ku nemi ganin lambar direba a manne a bango, ku kira ta a take ku ji ko za a ɗauka. In babu wani tsari, wannan aiki ne da unguwa za ta iya yi da kanta: a zauna da direbobin tasha, a ware mota biyu ko uku, a kafa ɗan asusun mai.

6. Firjin rigakafi

Sanyin firjin ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8. A jikinsa akwai takardar da ake rubuta awon sanyi sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu. Karanta abin da ma'aunin yake nunawa yanzu, ka gwada da na takardar. In ka ga lamba ɗaya tak daga farkon wata zuwa ƙarshe, da biro ɗaya da hannu ɗaya, akwai alamar a zama ɗaya aka cike ta. Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne, domin allurar Penta, wato rigakafin jarirai na cututtuka biyar a haɗe, in ta daskare ta lalace.

Ka roƙi ma'aikaci ya ɗauko kwalba ɗaya, kai kada ka saka hannu. A jikinta akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau. In launinsu ya zama ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya ɓata shi. Kada a daɗe da firjin a buɗe, kuma bai kamata a ga ruwan sha ko abinci a ciki ba. Asibitin da ba shi da firji, ka tambayi daga ina ake kawo rigakafin, a wace rana, da ko ƙanƙarar akwatin da ake kawo shi a ciki tana kaiwa har a tashi aiki.

7. Sito da magunguna

Ba za ka iya duba duk magunguna ba, kuma ba a buƙatar haka. Zaɓi kamar goma da ba a rasa buƙatarsu: maganin maleriya na ACT na yara da na manya, abin gwajin maleriya na gaggawa, gishiri da sukari na gudawa tare da zinc, amoxicillin na ciwon haƙarƙarin yara, Fansidar da maganin ƙarin jini na masu ciki, farasitamol, ruwan ƙari, da magungunan ɗakin haihuwa da muka ambata. Ga kowanne ka duba abu uku: yana nan yau, yaushe zai lalace, kuma kwana nawa aka yi babu shi cikin wata uku da suka wuce. Amsar ta ukun tana cikin katin sito, inda ake rubuta shiga da fitar kowane magani. Ɗauki magani biyu ka ƙirga da hannu, ka gwada da abin da katin ya ce. Ka kuma duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

In magani ya yanke, kada ka yi saurin cewa an sayar. Tambayi ranar da aka rubuta buƙata da ranar da aka kawo. Jihar tana da hukumar da ke saye da rarraba magunguna ga asibitocin gwamnati, wato KADHSMA, kuma sau da yawa tsaikon a hanya yake, ba a asibitin ba.

8. Ma'aikata

Nemi jadawalin aiki na watan, ka ƙirga waɗanda aka rubuta yau da waɗanda ka gani da idonka. Wanda ba ya nan, a gaya maka dalili: bita, hutu, rigakafin ƙauyuka, ko ba a sani ba. Ka rarrabe ma'aikatan dindindin da 'yan sa-kai da na wucin gadi. Na sha ganin asibitin da kusan duk aikinsa yake wuyan 'yan sa-kai da ba su da albashi, ga unguwarzoma ɗaya tana kwana tana yini. Irin wannan mace in ta ɗaga murya a kan majinyaciya ba daidai ba ne, amma rahoton da ya faɗi tsawarta ya ɓoye cewa ita kaɗai ce, rahoto ne na rashin adalci. Ka tambaye su su ma: yaushe rabon da mai duba aiki ya zo, kuma akwai ɗakin kwana ga mai aikin dare?

9. Rajista da ɗan lissafi

Lissafi uku sun wadatar, ka ɗauki wata uku a jere.

Na farko, rigakafi. Ana yi wa jariri Penta sau uku, a mako 6, 10 da 14. A ce yara 100 suka karɓi ta farko, 80 suka karɓi ta uku; 20 sun ɓace a hanya, wato kashi 20 cikin ɗari. Duk abin da ya haura kashi 10 yana nuna iyaye suna zuwa amma ba sa dawowa, kuma akwai dalili.

Na biyu, gwada yawan matan da suka zo awo da yawan waɗanda suka haihu a asibitin. In awo ya cika maƙil amma haihuwa 'yar kaɗan ce, ka nemi dalilin a bakin matan. Ka kuma duba sau nawa suke zuwa awon. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar sau takwas.

Na uku, maleriya. Ƙa'ida ita ce a gwada kafin a ba da ACT. In waɗanda aka ba maganin sun fi waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar yawa, ana rubuta magani da ka ke nan, ko abin gwajin ya yanke.

Daga nan ɗauki lamba ɗaya, misali yawan haihuwa a watan jiya, ka ƙirga ta a rajista, ka gwada da takardar taƙaitawa ta wata-wata da aka aika ƙaramar hukuma. Wannan lambar ce ke hawa kwamfuta har Abuja, da ita ake tsara rabon kaya.

10. Ji daga bakin jama'a

Ku tsaya nesa da ƙofa, inda ma'aikata ba za su ji ba, ku yi magana da kamar mutum goma masu fita. Mace ta tambayi mata. Kada ku ce “kin ji daɗin aikinsu?” domin kunya za ta sa ta ce “alhamdu lillahi” ko da ranta a ɓace yake. Ku tambayi abin da ya faru: “Baba, nawa kika kashe yau, kuma na mene ne? An ba ki rasit? An gwada jininki? An gaya miki abin da ke damun yaron? Maganin a nan aka ba ki ko kyamis aka tura ki? Yaya aka ce ki ba shi?” In uwa ta fito ba ta san sau nawa za ta ba yaro magani ba, aikin bai cika ba. Rigakafin yara kyauta ne, duk wanda ya ce ya biya ku rubuta.

Waɗanda suka fi ba da labari kuwa su ne waɗanda suka daina zuwa. Ku shiga gidan suna, ku zauna da ungozomar gargajiya, ku tsaya wurin mai kyamis da majalisar magidanta. A nan ake jin cewa maigida ne ba ya bari saboda namiji ke duba mata, ko an taɓa kai wata da dare ba a samu kowa ba, labarin ya zagaye gari.

11. Kuɗi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wato asusun samar da kiwon lafiya na matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Asibitocin da ke cikin shirin suna samun kasonsu kai tsaye a asusun banki, kuma bisa tsari kwamitin mazaɓa yana da hannu a tsara yadda za a kashe. Tambayi ko asibitinku yana ciki, yaushe kuɗi suka shigo na ƙarshe, me aka yi da su. In an ce an gyara famfo, ka koma ka murɗa famfon. Tambayi kuma mutum nawa ne masu rajistar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, aka haɗa da asibitin, da ko suna samun magani ba tare da an tura su waje ba. Farashin kati da na gwaje-gwaje ya kamata a manna shi a bango inda kowa zai gani.

12. Zama da incaj, rahoto, da komowa

Kafin kowa ya ji sakamakon, incaj ne zai fara ji. Fara da abin da kuka gani mai kyau, da gaske ba don lallashi ba, sannan matsalolin. Ba shi dama ya yi bayani, domin wani abin da kuka ɗauka laifi yana da dalilin da ba ku sani ba. Kowane sashe ku ba shi launi: kore in lafiya, rawaya in da gyara, ja in rai yana cikin haɗari.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu, kuma ku kasa matsalolin gida uku: abin da ma'aikata za su gyara a makon nan, kamar takardar firji da tsafta, abin da unguwa za ta ɗauka, kamar labule, benci, maigadi da motar gaggawa, da abin da sai hukuma, kamar ƙarin unguwarzoma, batirin sola da magani. Gaban kowanne a rubuta wanda zai yi da ranar da za a gama. Ku kai kwafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ni ba na goyon bayan a fara da Facebook ko gidan rediyo. A bi ta ofis tukuna, in an yi shiru bayan tunatarwa a rubuce, sannan a fita fili da hujja a hannu, ba tare da sunan ƙaramin ma'aikaci ba.

Bayan wata uku ku koma da littafin nan dai da jerin nan dai. Ku fara da abubuwan da kuka ba ja, ku sake lissafin Penta da na haihuwa na sababbin watannin, ku rubuta su kusa da na baya, sannan ku karanta duka biyun a taron kwamiti a gaban mai unguwa da incaj.